Gurbin da Nuruddeen Ya Cike

Nuruddeen Salisu saurayi ne ɗan garin Karaye, kuma duk wanda ya san shi zai gaya maka yaron akwai kai. Ya yi karatun kwamfuta a Kano, ya dawo gida yana iya rubuta manhaja kamar yadda wani ke rubuta sunansa. Aibinsa ɗaya ne, amma babba ne: ba ya iya cewa "ban sani ba," kuma ba ya ƙaunar a ga giɓi a aikinsa. Tun yana ƙarami, in baƙo ya tambaye shi hanyar da bai sani ba, sai ya miƙa hannu ya nuna wata da ƙarfin gwiwa. Mahaifiyarsa Zuwaira, Bafulatana daga wata ruga a Gwangwan ta ƙasar Rogo, ta sha gaya masa, "Nuru, bakinka ya fi saninka sauri." Shi kuwa dariya kawai yake yi.

Wata ƙungiya mai taimaka wa makiyaya ta ɗauke shi aiki. Ƙungiyar ta ajiye firji masu aiki da sola a ƙauyukan Yola da Kafin Dafga da Gwangwan, ana adana allurar rigakafin ciwon huhu na shanu a cikinsu. Allurar nan ba ta shiri da zafi ko kaɗan. In ta daɗe a ɗumi, kwalbar tana nan yadda take, launinta ba ya canjawa, amma ta riga ta mutu. Wanda ya yi wa saniya ita, da shi da wanda bai yi komai ba duk ɗaya ne.

Saboda haka aka sa wata 'yar na'ura mai auna sanyi a cikin kowane firji. Aikin Nuruddeen shi ne rubuta manhajar da za ta riƙa karɓar awon daga na'urorin, tana zuba shi a wani rumbun bayanai da ke kan intanet. Rumbun na wani kamfani ne a ƙasar waje. Su ke kula da shi, su ke gyara shi, kai naka aikawa ne kawai. Shi rumbun nan da lokaci yake tafiya: kowane awo sai ya zo da sunan firjinsa, da lokacin da aka auna, da lambar sanyin. Kuma yana da doka ɗaya da ba ya sassautawa. Kowane firji yana da gurbi ɗaya tak a kowane lokaci. In an riga an rubuta lamba a gurbin, wata ta zo daga baya saɓaninta, sai ya ƙi karɓa, ya dawo da ita ya faɗi dalili.

Likitar dabbobi ta ƙungiyar, Dakta Ruƙayyatu, kullum da safe sai ta buɗe allon kwamfutarta a ofishinsu na Karaye ta duba. Kowane firji yana da layinsa. In layin yana ƙasa, sanyi na nan. In ya yi sama, a ruga a ceci allura.

To, matsalar ita ce sabis. Gwangwan ƙauye ne, sabis yana zuwa yana ɗaukewa yadda ya ga dama. In ya ɗauke, na'urar takan riƙe awonta a cikinta, sai ya dawo ta aiko duka, kowanne da lokacinsa. Kafin nan layin Gwangwan a allo yakan yanke, a ga fili fari. Dakta ba ta taɓa damuwa da wannan ba. "In na ga giɓi ya yi tsawo," in ji ta, "sai in tura Malam Badaru ya leƙa da idonsa." Malam Badaru shi ne malamin dabbobi mai yin allurar.

Wata rana manyan ƙungiyar suka zo ziyara. Nuruddeen ya sha farar shadda, ya tsaya gaban allo yana bayani, baki har kunne. Sai ɗaya daga cikin baƙin ya nuna layin Gwangwan ya ce, "Injiniya, wannan kuma ɓera ne ya ci?"

Aka yi dariya. Wasa ne kawai mutumin ya yi, kafin a kawo lemo ma ya manta. Amma Nuruddeen bai manta ba. Ya ji kamar an tuɓe masa hula a kasuwa. Baƙin na fita ya zauna ya ƙara wa manhajarsa wasu 'yan layuka. Ya umarce ta cewa duk lokacin da wani firji ya yi shiru, ta ɗauki lambar ƙarshe da ya aiko ta rubuta masa a gurbin. Wato kamar ka gaishe da mara lafiya ya kasa amsawa, na kusa da shi ya yi caraf ya ce, "Lafiya lau." Da sabis ya dawo na'urar ta aiko awon gaskiya, rumbun ya fara dawo da su da jan rubutu, yana cewa an riga an cike gurbin. Jan rubutun ya dame shi, sai ya umarci manhajar ta daina nuna shi.

Washegari Dakta ta ga layin Gwangwan ya miƙe sambal. "Ikon Allah! Sabis ya gyaru ke nan?"

"Na ɗan yi dabara ne, Dakta," ya ce, yana gyara wuyan riga.

Ba ta tambaye shi wace dabara ba, shi kuma bai faɗa ba. Daga ranar ba ta sake tura Malam Badaru leƙen firji ba, tunda babu giɓin da zai sa ta tura shi.

Nuruddeen yana da kawu a Gwangwan, yayan mahaifiyarsa, sunansa Hammawa. Dattijo ne mai shanu, kuma bai taɓa yarda an soka wa saniyarsa allura ba. Ya taɓa ganin an yi wa shanun maƙwabcinsa rigakafi, ciwo ya zo ya kwashe su duk da haka. Shi nasa rigakafin nisa ne. Ba ya haɗa shanunsa da baƙin garke. In rani ya yi, makiyaya daga ko'ina suka gangara fadama inda ciyawa da ruwa suke, shi yana nan a tudu yana jan ruwa daga rijiya, yana ba su kara da harawa. Shanunsa sukan rame har a ƙirga haƙarƙarinsu, amma suna kaiwa damina da ransu.

Dakta ta daɗe tana son ta shawo kansa, domin ta san in Hammawa ya yarda, sauran rugagen za su biyo. Nuruddeen ya ce a bar masa. Ya hau babur ya tafi. Bayan an gaisa, an tambayi gida da shanu da gajiya, an kawo masa kindirmo ya sha, sai ya ciro waya.

"Kawu, ka san abin da ya kashe shanun maƙwabcinka? Allurar ta sha zafi a hanya, babu wanda ya sani. Yanzu wannan ya wuce. Dubi nan. Wannan layin firjin garinku ne. Dare da rana yana gaya mini sanyinsa."

Hammawa ya karɓi wayar ya riƙe ta nesa da fuskarsa. Ya daɗe yana kallo. "In ya yi shiru fa?"

"Ba ya shiru, Kawu. Ka ga wurin da ya yanke?"

"Ban gani ba."

"To ka gani."

Dattijon ya miƙo masa wayar. "Ni ban san layi ba, Nuru. Kai na sani. Kai ɗan Zuwaira ne. In ka ce allurar nan da ranta, su zo."

A ƙarshen damina aka yi wata iska mai ƙarfi a Gwangwan. Ta kayar da sabis, ta kuma fizge wayar solar da ke ba firjin wuta. Ɗakin firjin a kulle yake, ba mai shiga. Firjin ya mutu, kwalaben allura suka yi kwanaki a cikin zafi. 'Yar na'urar, da ƙaramin batirinta, ta ci gaba da aunawa tana riƙewa, ba hanyar aikawa. A Karaye kuwa Dakta tana buɗe allo kowace safiya tana ganin layi a ƙasa, tana cewa alhamdulillahi. Daga baya mai gadin wurin ya ga waya tana reto, ya mayar da ita inda take, bai ɗauka wani abin faɗa ba ne. Firjin ya sake yin sanyi. Ranar da Malam Badaru ya zo ɗaukar allura, ya taɓa kwalaben ya ji su da sanyi ƙalau.

An yi allurar a rugar Hammawa kamar ana biki. Shi da kansa ya riƙa kama ƙahon shanunsa yana kiran kowace da sunanta. Da maƙwabta suka ga haka, suka koro nasu.

Bayan 'yan makonni, wata ranar Talata da hantsi, Nuruddeen yana ofis yana gwajin sabuwar na'ura da za a kai Yola. Don ya ga ko rumbun yana karɓar awonta, sai ya sake kunna jan rubutun nan da ya kashe. Nan take allon ya cika da ja. Ba na sabuwar na'urar ba ne, na Gwangwan ne. Ashe tun da sabis ya dawo, na'urar can take ta aiko awon kwanakin iskar, rumbun yana ƙi, ita kuma tana sake aikowa, domin ba a taɓa ce mata an karɓa ba. Ya matso da fuskarsa. Inda manhajarsa ta rubuta digiri huɗu, na'urar tana cewa talatin da biyu. Talatin da huɗu. Talatin da biyar. Ya duba ranakun. Duk kafin ranar allura ne.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Gumi ya keto masa har tafin hannu. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske. Dakta tana ɗaki na gaba, yana jin muryarta tana waya. Ya miƙe ya je har bakin ƙofarta. Abin da ake bukata kaɗan ne. Ya ce mata allurar Gwangwan ta mutu, a kawo wata daga Kafin Dafga, a sake yi. Rani bai shigo ba, shanu ba su motsa ba, babu abin da ya ɓaci tukuna sai sunansa.

Ta ɗago kai. "Injiniya, lafiya? Na ga ka jiƙe."

"Zafi ne, Dakta. Na zo in ce na'urar Yola ta yi daidai."

Kaico! Ya koma kujerarsa, ya fara lallashin kansa. Wataƙila na'urar ce ta haukace. Wataƙila allurar ta jure. Wataƙila ciwon ba zai zo bana ba. Kuma ai Kawu ba ya haɗa shanunsa da na kowa, ko da allura ko babu. Wannan tunanin na ƙarshe shi ya fi kwantar masa da hankali. Sai ya sa hannu ya umarci manhajar ta gaya wa na'urar Gwangwan cewa an karɓi saƙonta. Na'urar ta share abin da ta riƙe, ta yi shiru. Jan rubutun ya ɓace daga allon.

Rani ya shigo. Ciyawa ta bushe a tudu. Wata ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, wayarsa ta yi ƙara. Hammawa ne, wayar wani ya ara.

"Nuru, an sauko lafiya? Ya innarka?"

"Lafiya lau, Kawu. Ya shanu?"

"Shanu sun gode Allah. Shawara na kira. Bana ina so in gangara da su fadama. Na gaji da jan guga, ƙafata ba ta ɗauka. An ce akwai baƙin garke da yawa, har an ce wasu na tari. Amma tunda an yi musu allura, na ce bari in ji daga bakinka."

Nuruddeen ya tsaya cak a gefen titi. Masu babur na ta yi masa oda, bai ji ba. Maganar tana nan a kan harshensa, ya ji nauyinta. Amma ya tuna dattijon yana kama ƙaho a gaban jama'a saboda shi. Ya tuna Dakta. Ya tuna aikinsa da sunan Injiniya.

"Kawu, da dai ka ɗan jinkirta," ya ce a hankali.

"Don me? Akwai wani abu ne game da allurar?"

"A'a. Kawai dai... taka-tsantsan."

"Nuru, tambaya ɗaya na yi maka. Allurar nan da ranta ko babu?"

"Da ranta, Kawu."

"To madalla. Allah ya yi maka albarka."

Hammawa ya gangara fadama da shanunsa, karo na farko a rayuwarsa. Maƙwabtan da suka bi shi wajen allura suka bi shi nan ma. Shanun suka ci ɗanyar ciyawa, suka sha ruwa kafaɗa da kafaɗa da baƙin garke, suka yi ƙiba. Har nono Hammawa ya aiko wa Zuwaira a jarka, da saƙon cewa ta gode wa ɗanta. Nuruddeen ya kasa sha. Abinci ma ya daina shiga masa. Duk wayar da ta yi ƙara sai gabansa ya faɗi. Mahaifiyarsa ta tambaye shi ko ciwo yake yi, ya ce aiki ne ya yi yawa.

Ana tsakiyar rani Malam Badaru ya shigo ofis da sauri, ko sallamar kirki bai yi ba. "Dakta, shanun Gwangwan na tari. Garken Hammawa ya fi kamuwa."

Dakta ta miƙe tsaye. "Waɗanda muka yi wa allura? Ba zai yiwu ba." Ta juya ta buɗe allo, ta ja layin baya har damina. Yana nan a miƙe, babu ko ɗigon tashi. "Injiniya, ɗauko kwamfutarka, tare za mu tafi."

Abin da suka tarar a fadama ba ya daɗin gani. Shanu a tsaye sun ware ƙafafun gaba, sun miƙa wuya, suna numfashi da ƙyar, kowane numfashi da nishi. Wasu sun kwanta ba za su sake tashi ba. An yanka waɗanda aka samu damar yankawa. Mata na tsaye nesa da ƙoren tatsa a hannu, babu abin tatsa. Motar na tsayawa maza suka zagaye ta.

"Ruwa kuka soka musu!" wani ya daka tsawa, yana nuna Malam Badaru da sanda. "Kun sayar da ta gaskiyar kun kawo mana ruwa!"

Malam Badaru ya rantse da Allah. Ba mai saurarensa. Wani ya cafki wuyan rigarsa. Dakta ta shiga tsakani, ta ɗaga kwamfutar sama. "Ku duba! Allurar nan ba ta taɓa fita daga sanyi ba, ga shaida!"

Sai Hammawa ya ratso taron. Ya rame, idanunsa sun yi ja. Ya ɗaga hannu, aka yi shiru. "Ku sake shi," ya ce, sannan ya nuna Nuruddeen. "Yaron nan ɗana ne, shi ke tsaron sanyin, kuma ya gaya mini da bakinsa allurar da ranta. In ya ce da ranta, da ranta. Wannan ƙaddara ce daga Allah." Ya juyo ya dafa kafaɗar Nuruddeen. "Kada ka sa damuwa a ranka, Nuru. Kai ka yi naka."

Wannan hannun a kafaɗarsa shi ne abin da ya kasa ɗauka. Ya durƙusa a cikin taɓo.

"Kawu, layin ƙarya ne. Ni na rubuta shi. Firjin ya mutu lokacin iskar nan, allurar ta sha zafi. Malam Badaru bai sani ba, Dakta ba ta sani ba. Ni na cike wurin da lambar da ba a auna ba."

Dakta ta sauke kwamfutar a hankali. Fuskarta ta canja. Wanda ya riƙe Malam Badaru ya sake shi. Babu abin da ake ji sai tarin shanu.

Hammawa ya janye hannunsa. Bai ɗaga murya ba.

"Ranar Juma'ar da na kira ka, ka sani?"

"Na sani, Kawu."

Dattijon ya gyaɗa kai. Ya dubi samarin da suka fara matsowa da sanduna, ya ce, "Ba mai taɓa shi. Ɗan ƙanwata ne." Sannan ya juya ya koma wajen wata farar saniya da ke kwance, ya tsuguna ya tallafe kanta. Har motar ta tashi bai waiwayo ba.

Dakta da Malam Badaru sun yi iya ƙoƙarinsu, sun ware masu ciwo, sun ceci abin da ya cetu. Amma garken da Hammawa ya gada daga mahaifinsa, ya raina shekara da shekaru da guga da harawa, abin da ya rage bai kai a kira shi garke ba. An sallami Nuruddeen daga aiki. Wanda ya gaje shi ya goge layukan nan, giɓi ya dawo a allo, Malam Badaru ya koma leƙen firji. Zuwaira ta je ruga ta durƙusa ta ba yayanta haƙuri. Ya ce ya yafe, kuma ba ƙarya yake yi ba.

Da shekara ta zagayo, aka kawo sabuwar allura mai rai, wadda ba ta taɓa ganin zafi ba. Malam Badaru ya kafa teburinsa a inuwar tsamiya a Gwangwan tun da sassafe. Ya zauna har azahar, ya yi salla, ya dawo ya zauna har la'asar. Ko saniya ɗaya ba a kawo ba.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. In ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba, ka bar gurbin a buɗe kowa ya gan shi. Giɓi ba abin kunya ba ne, shi ke sa a tashi a je a duba. Wanda ya cike shi da abin da bai auna ba, ya hana gaskiya wurin zama in ta iso, kuma mutanen da suka yarda da shi za su ajiye taka-tsantsan ɗinsu su dogara da maganarsa. In kuwa ka riga ka yi kuskure, ka faɗa tun yana iya gyaruwa, ko da sunanka zai zube. Duk mai riƙe da bayanan da wasu ke yanke shawara a kansu, a kwamfuta ne ko a baki, ya sani amana ce a hannunsa, kuma Allah zai tambaye shi a kanta.